FURE A GEFEN GONA: YADDA ZA KA JAWO ƘUDAN ZUMA SU ƘARA MAKA AMFANI

Ya kai manomi, wataƙila ka taɓa shuka kankana ko kabewa a bakin ruwan Tiga, ko a fadamar ƙauyenku, ka zuba taki, ka yi ban-ruwa a kan kari, yaɗo ya rufe ƙasa, fure ya fito fal, amma da aka zo ɗaurin 'ya'ya sai abin ya ba ka kunya. Ƙananan 'ya'yan su yi rawaya su kakkaɓe tun ba su kai ƙwan kaza ba. Waɗanda suka tsaya kuma su fito a karkace, gefe guda a cike, gefe guda a motse, dillali ya zo ya taya su da wulaƙanci. Sai ka ce iri ne ba shi da kyau, ko takin jabu aka sayar maka, wani ma ya ce baki ne.

To, wani lokaci iri ne, wani lokaci taki ne. Amma kafin ka ɗora wa kowa laifi, ka je gonar da hantsi, ka tsaya shiru ka saurara. In ba ka ji gunjin ƙudan zuma a cikin furen ba, to ka gano ɗaya daga cikin dalilan asararka. Wannan takarda za ta nuna maka yadda ɗan layin fure a gefen gona, wanda ba zai ci maka ko kunya biyu ba, zai taimaka wajen gyara wannan.

YADDA FURE KE ƊAURA ƊA

Kowane manomi ya san bununin masara da na gero, wannan garin mai ruwan ɗorawa da ke manne wa riga in ka ratsa gona. Bununi shi ne irin namiji. Sai ya sauka a kan macen fure sannan ƙwaya ko ɗa ke ɗauruwa. Malaman gona suna kiran wannan barbarar fure. Masu dabino a wajen Dutse sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke hawa su sa reshen namijin fure a cikin na macen da hannunsu.

Masara da gero da dawa, iska ce ke yi musu wannan aiki. Shinkafa da gyaɗa da waken soya da wake, yawanci furensu shi ke barbarar kansa. Waɗannan ba su ne abin damuwarmu a nan ba.

Kankana da kabewa da kokwamba da agushi su ne masu wuya. Furensu iri biyu ne a jikin yaɗo ɗaya. Ka duba da kyau: macen fure tana da ɗan ƙullutu a ƙarƙashinta mai siffar ɗan da za a samu, namijin kuwa siririn tsinke ne kawai ke riƙe da shi. Bununinsu yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Dole sai ƙwaro ya shiga namijin ya shafo, ya kai wa macen. Kuma furen na yini ɗaya ne: ya buɗe da safe, kafin rana ta take ko jim kaɗan bayan haka ya rufe, ba zai sake buɗewa ba. In ƙwaro bai zo a wannan safiya ba, wannan ɗa ya tafi ke nan. Zuwa ɗaya ma ba ya isa. Macen furen kankana tana bukatar ƙudan zuma ya sauka a kanta kamar sau 8 ko fiye kafin bununi ya game ta ko'ina. In gefe guda kawai ya samu, gefe guda ne zai yi ƙwaya ya cika. Dalilin karkatacciyar kankana ke nan.

Akwai kuma amfanin gona da ke iya ɗaurawa da kansu, amma in ƙwari sun ziyarce su sai su ƙara auki. Riɗi da auduga suna cikinsu. A wani bincike da aka yi a gonakin manoma a Burkina Faso, aka buga a 2017, an rufe furannin waɗansu tsirrai don kada ƙudan zuma su kai gare su, aka bar waɗansu a buɗe. Audugar da aka rufe ta gaza da kashi 37 cikin 100, riɗi kuwa da kashi 59 cikin 100. Ƙasarsu da itatuwansu kusan irin namu ne. Kai da kake kai riɗi Dawanau, ka lissafa abin da rabin buhunanka yake nufi. Haka nan albasar da ka bari ta yi iri, da gwaba, da mangwaro, da kaɗanya, duk suna jiran ƙwari. A 2016 kwamitin masana na ƙasashen duniya mai suna IPBES ya ba da rahoton cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in abincin da ake nomawa a duniya suna amfana da wannan aiki, wani da yawa wani kaɗan.

SU WA KE WANNAN AIKI?

Babban ma'aikaci shi ne ƙudan zuma da ka sani. Yana iya tafiyar kilomita 2 ko 3 daga amya don neman abinci, amma in ya samu a kusa ba ya wahalar da kansa.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai galla, 'yan ƙananan nan marasa harbi da ke damunka a ido in kana gumi, suna yin 'yar zumarsu a kogon itace ko a tsagar katanga. Suna son furen mangwaro da na kaɗanya, sai dai ba su da dogon zango, saboda haka sai gidansu yana kusa da gonarka za ka amfana. Akwai babban baƙin ƙwaron nan mai gunji da ke huda busasshen itace da gora ya yi gida a ciki. Yara suna kashe shi don wasa, alhali shi ne ke kama furen tumatir da na gauta ya girgiza shi har bununi ya zubo, abin da ƙudan zuma ba ya iyawa. Waɗansu kuma a cikin ƙasa suke haƙa rami, a gefen kunya ko a jikin gaɓar rafi, kowace uwa da ɗakinta. Malam-buɗe-littafi yana taimakawa. Ƙudaje ma suna aiki a furen mangwaro da na albasa. Da dare jemage ne ke bin furen kuka da na ɗorawa, farin furen duma kuwa da yamma yake buɗewa don ƙwarin dare.

Duk waɗannan ba sa karɓar lada. Abinci da ruwa da wurin kwana kawai suke nema.

ME YA SA GONA TA YI SHIRU?

Ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ita ce ta fi ko'ina samun ruwan sama a Jihar Kano, kuma ga dajin Falgore da aka keɓe tun zamanin Turawa, ga duwatsun Riruwai. Bai kamata a ce wuri irin wannan yana ƙarancin ƙudan zuma ba. Amma ka tuna yadda noma ya sauya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya yaɗu, wato an ƙara shuka abubuwan da ke bukatar ƙwari. A daidai wannan lokaci kuma an daina barin saura, an nome iyakokin gonaki har bakin hanya, an sare itatuwa don itacen girki da gawayi. Maganin ciyawa ya zo ya share ɗan hakin da ke fure a gefe. Gonar masara ko ta shinkafa mai eka goma, in ka dube ta da idon ƙudan zuma, kusan fako ce: akwai bununi na 'yan kwanaki, babu ruwan zaƙi.

Sai maganar feshi. A 2016 tsutsar tumatir da ake kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, a shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a ƙasar nan. Ba wanda zai ga laifin manomin da ya ɗauki famfo don ya ceci guminsa. Amma maganin da ya kashe tsutsa bai san aboki ba. Ga kuma masu cin zuma da wuta, waɗanda ke ƙone gida ɗungum don ƙwarya ɗaya ta zuma, da masu cinna wa daji wuta don gafiya.

Akwai wuraren da abin ya kai maƙura. A wani yanki na lardin Sicuwan a ƙasar Sin, mutane ne ke hawa itatuwa suna shafa bununi da hannu fure bayan fure. A jihar Kalifoniya ta Amurka, masu gonakin almon biyan kuɗi suke yi a kawo musu amya a manyan motoci kowace shekara. Mu ba mu kai nan ba, kuma gyaran namu ba shi da tsada.

SALBIYA DA DANGINTA

A lambunan ƙasashen waje, furen da aka fi shukawa don jawo ƙudan zuma ya haɗa da wani da ake kira salbiya. A jikin takardar iri za ka ga an rubuta Salvia. Nau'o'insa sun kusa 1,000 a duniya. Furen yana fitowa ne a jere a jikin dogon tsinke kamar zangarniya, na ƙasa ya fara buɗewa, na sama ya biyo baya, don haka gindi ɗaya yakan yi makonni yana ba da abinci. Da yawa daga cikinsu suna da wata dabara: in ƙwaro ya cusa kai don shan ruwan zaƙi, sai ya taɓa wani ɗan hannu a ciki, shi kuma ya sunkuyo ya shafa masa bununi a baya.

Za ka iya samun dashensa wurin masu lambun furanni na bakin titi a birnin Kano ko Zariya ko Jos. Amma a nan sai ka lura, domin mai sayarwa zai fi nuna maka jan, shi ne mai ɗaukar ido. Jan nan asalinsa daga Barazil ne. Wuyan furensa dogo ne, an yi shi ne don tsuntsu mai dogon baki, irin sha-kauci a wurinmu. Harshen ƙudan zuma ba ya kai wa ƙasansa, kuma ƙudan zuma ba ya ganin ja sosai. Launin da ya fi gani shi ne shuɗi da rawaya da fari. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, shi ya tabbatar da cewa ƙudan zuma yana bambanta launi, kuma yana yi wa 'yan'uwansa kwatancen inda abinci yake ta hanyar rawa a cikin amya. A 1973 aka ba shi kyautar Nobel. Saboda haka in za ka saya, nemi mai shuɗin fure, wanda asalinsa daga Meksiko da kudancin Amurka ne. Shi ne ƙudan zuma ke rububi, kuma yana jure zafin rana.

Amma ni shawarata, kada ka kashe kuɗin mota don fure. Salbiya tana da 'yar'uwa a bayan ɗakin matarka: ɗoɗɗoya. Dangi ɗaya ne. Ka murza karan ɗoɗɗoya tsakanin yatsunka za ka ji yana da kusurwa huɗu, ganyenta biyu-biyu suna fuskantar juna, ga ƙamshi, furenta kuma a jere a tsinke. Haka salbiya take, haka na'ana'a take. Masana tsirrai ma sun sa ɗinya a cikin wannan dangi, ko da yake ita itace ce babba. Abin da ya sa ba ka cika ganin ƙudan zuma a kan ɗoɗɗoya ba shi ne ana tsinke kanta don miya tun ba ta yi fure ba. Ka bar gindi biyar su yi fure ka gani.

Ɗoɗɗoya ta fi baƙon fure ta hanyoyi da dama. Irinta kyauta ne, ta saba da ƙasarmu, ana miya da ita, ana sayar da ita, kuma babbar nan mai faɗin ganye tana yin shekaru in tana samun ruwa da rani. Salbiya ta fi ta kyan gani da daɗewar fure. In kana da hali ka haɗa su biyun. Ka ƙara da layin riɗi, da 'yan gindin yakuwa da rama, da waken Santambul wanda ke fure bayan ɗaukewar ruwa, da albasa kaɗan da za ka bari ta yi kai. Abin da ake so shi ne kada wata ya wuce babu wani abu da ke fure a gonarka.

Gargaɗi ɗaya. Akwai wani ɗan kurmin fure mai ƙaya-ƙaya da ake shinge da shi a gidajen birni, furensa ƙanana a dunƙule, rawaya da ja da ruwan hoda a kai ɗaya, ana kiransa lantana. Malam-buɗe-littafi yana sonsa, amma kada ka kawo shi gona. Tsuntsaye suna yaɗa irinsa, yana cinye makiyaya, kuma ganyensa guba ne ga shanu da tumaki.

YADDA ZA KA SHUKA

Wuri. Zaɓi gefen gona inda rana ke samu aƙalla awa 6, kuma ruwa ba ya kwanciya. Salbiya da ɗoɗɗoya duka ba sa son jiƙaƙƙen gindi. A ƙasa mai laka, irin ta fadama, sai ka ɗaga kunya. A lambun rani, bayan bakin kwali ko gefen hanyar ruwa ya isa, inda danshi ke kaiwa amma ruwa ba ya tsayawa. In ka san inda iska ta fi kaɗawa lokacin da kake feshi, sa layin furen a ɓangaren da iskar ke fitowa, don kada ta kwaso magani ta zuba masa.

Kada ka warwatsa su ɗaya a nan ɗaya a can. Ƙudan zuma ya fi ganin fure in yana dunƙule, kuma in ya sami wuri mai yalwa shi ne yake komawa ya kira 'yan'uwansa. Kunya ɗaya ko biyu a tsawon gefen gona, ko fili mai taku uku-uku a kowace kusurwa, ya fi gindi ɗari a barbaje.

Reno. Irin duka biyun ƙanana ne ƙwarai. Ka gyara ɗan bedi kamar na tumatir, ka haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen takin gida da ɗan rairayi. Ka gauraya irin da rairayi ka yafa, ka danna da tafin hannu. Kada ka binne shi, domin irin salbiya yana son haske kafin ya tsira, in ya nutse ba zai fito ba. Ka yi masa 'yar rumfa ta kara, ka riƙa yayyafa ruwa a hankali safe da yamma. Ɗoɗɗoya takan tsira cikin mako ɗaya, salbiya kuwa kwana 10 zuwa 15. Kada ka yi gaggawar cewa iri ya mutu.

Dashe. Bayan mako 4 zuwa 6, in tsiro ya yi ganye huɗu ko shida, ka dasa da yamma, da ƙasar gindinsa. Tsakanin gindi da gindi ƙafa ɗaya, wato santimita 30, ga salbiya da ƙaramar ɗoɗɗoya. Babbar ɗoɗɗoya a ba ta ƙafa biyu ko uku. Akwai hanya mafi sauƙi: ka yanko reshe mai tsawon taƙi ɗaya wanda bai yi fure ba, ka cire ganyen ƙasa, ka tsoma a kwalba da ruwa a inuwa. Cikin mako ɗaya ko biyu zai fitar da saiwa, sai ka dasa.

Taki. Takin gida kaɗan ya wadatar. Kada ka zuba musu yuriya. Za su yi ganye shar su ƙi fure, kai kuma fure kake nema.

Lokaci. Wannan shi ne muhimmi. Ƙudan zuma mai bin sabo ne, inda ya saba samu nan yake sammako. Saboda haka ana so layinka ya fara fure mako biyu ko uku kafin amfanin gonar ya fara nasa. Salbiya tana ɗaukar wata biyu zuwa uku daga yafa iri zuwa fure, kankana kuwa takan fara fure kamar kwana 35 zuwa 45 bayan shuka. Ke nan sai ka riga da renon fure da aƙalla wata guda da rabi. Don damina, ka yi reno a Afrilu ko farkon Mayu a gida kusa da rijiya, ka dasa in ruwa ya zauna. Don rani, ka yi reno a Satumba, ka dasa a Oktoba.

Wani zai tambaya: ashe furen gefe ba zai janye ƙudan zuman daga kankanata ba? Tambaya ce mai kyau, kuma yakan faru, domin furen kankana ba shi da ruwan zaƙi mai yawa. Maganinsa a hannunka yake. In kankana ta shiga ganiyar fure ka ga ƙwarin sun tare a gefe, ka yanke kan rabin ɗoɗɗoyar ka kai gida ko kasuwa. Waɗanda suka saba zuwa za su bazu cikin gona. Yankan ma alheri ne, domin gindin zai yi sababbin rassa ya sake fure. Haka za ka riƙa cire tsinken salbiya da ya bushe, sai waɗanda ka ware don iri. Su ka bar su su yi ruwan ƙasa, ka yanko, ka shanya a inuwa, ka murje, ka adana a kwalba.

Akwai riba ta biyu. Ƙananan zanzaro da waɗansu ƙudaje da 'ya'yansu ke cin darɓa da ƙwan tsutsa, iyayen ruwan fure suke sha. In ka ciyar da su, za su rage maka ƙwari.

ABINCIN RANI DA RUWAN SHA

Layin fure ƙari ne. Babban rumbun ƙudan zuma itatuwa ne. Magarya tana fure wajen ƙarshen damina, gawo yana biyo baya da shigowar rani, sai mangwaro da kaɗanya a lokacin sanyi, ɗorawa da darbejiya kuma da shigowar zafi. Zogale kusan ba ya rabuwa da fure in yana samun ruwa, kuma ya yi kyau da shinge. Itacen da ka sare yau buhun gawayi nawa ne? Ka auna shi da kalwa ko man kaɗe na shekara talatin, sannan ka ƙara da aikin ƙwarin da yake ciyarwa. In ka ga sabon tsiron itace mai amfani a gona lokacin sharar gona, ka bar masa reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya tashi.

Da bazara ƙudan zuma yana bukatar ruwa don sanyaya amya, shi ya sa yake damun mata a bakin rijiya. Ka ajiye tsohon kasko a inuwa, nesa da hanya, ka zuba tsakuwa ko ƙirare a ciki don ya sami wurin tsayawa kada ya nutse. Ka riƙa sauya ruwan duk kwana biyu ko uku saboda sauro. Ka bar busasshen kututture ɗaya da ɗan gefe da garma ba ta taɓawa, don masu gida a itace da masu gida a ƙasa.

FESHI

In ka jawo ƙudan zuma gonarka sannan ka yi musu feshi da hantsi, ka haɗa musu tarko ne, gara ma ba ka shuka furen ba. Yawancin magungunan ƙwari da ke kasuwanninmu, masu sinadarin saifametirin, da lamda, da daimetowet, da imidakulofirid, duk masu kashe ƙudan zuma ne. Na ƙarshen nan yana shiga jikin tsiro ya fito a cikin bununi da ruwan fure. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana amfani da shi da danginsa biyu a fili tun 2018.

Ba a ce kada ka yi feshi ba. An ce ka yi shi da lura. Ka zaga gona tukuna ka ga ƙwarin da idonka, kada ka fesa don kawai maƙwabci ya fesa. Ka yi feshi da yamma lis, bayan la'asar sakaliya, lokacin da furen kankana da na kabewa da na wake suka rufe, ƙudan zuma kuma ya koma gida. Kafin safiya maganin ya bushe, haɗarinsa ya ragu. Da yamma ma iska ta fi kwanciya, maganinka ba zai tafi gonar wani ba. Kada ka fesa wa layin furen komai. Kada ka wuce ma'aunin da aka rubuta, kada ka haɗa magani biyu ko uku a famfo ɗaya da sunan ƙarfi. Kada ka wanke famfo a rafi ko a hanyar ruwa. Ruwan 'ya'yan darbejiya ya fi sauƙi a kan ƙwari masu amfani, amma shi ma da yamma za a fesa. In akwai mai amya kusa da kai, ka gaya masa tun jajibiri.

Mai noman wake ya tambayi malamin gona game da irin SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a ƙarshen 2019. Yana kare kansa daga tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, don haka feshi biyu yakan wadatar a maimakon shida ko takwas. Sauran ƙwari kamar masu tsotsar kwanso ba ya hana su, shi ya sa ba a daina feshin gaba ɗaya ba.

IN ZA KA KAFA AMYA

Fure yakan jawo sha'awar kiwon zuma, kuma sana'a ce mai kyau. Amma ƙudan zumanmu mai faɗa ne. Kada ka rataya amya kusa da gida, ko makaranta, ko hanya, ko inda ake ɗaure dabbobi. Dabbar da ke ɗaure ba ta iya gudu. A ba da tazarar taku ɗari ko fiye, bakin amyar kuma ya juya wa hanya baya. Wanda ke kan fure yana kiwo ba ya harbi sai an matse shi, a bakin gidansa ne yake da zafi. In ya harbe ka, ka kankare ƙarin da farce, kada ka matsa. In mutum ya fara kumburin fuska ko wuya, ko numfashinsa yana sarƙewa, a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Wajen ɗiban zuma a yi amfani da hayaƙi mai sanyi, ba harshen wuta ba, a bar saƙar da ke da 'ya'ya da wani kaso na zuma. Amyar zamani mai sanduna a sama tana sauƙaƙa wannan, kuma kafinta na gari zai iya yin ta in ya ga samfuri.

GWADA DA KANKA

Kada ka ɗauki maganar takarda kawai. Da yamma ka zaɓi macen fure 20 na kankana ko kabewa waɗanda za su buɗe gobe. Goma ka rufe su da ƙyallen tsohon gidan sauro ka ɗaure bakin, goma ka ɗaura musu zare kawai don shaida. Bayan kwana biyu ka cire ƙyallen. Bayan mako guda ka ƙirga waɗanda suka ɗaura a kowane kashi. In na buɗen ma yawancinsu sun zube, alhali ruwa da taki ba su gaza ba, to gonarka tana ƙarancin ƙwari.

Kafin layin furenka ya kankama, ga abin da za ka yi a wannan shekara. Da sassafe, tsakanin ƙarfe 6 da 9, ka tsinko namijin fure da ya buɗe a ranar, ka cire ganyen furen, ka shafa kansa a hankali a tsakiyar macen har ya game duk ɓangarorinta. Namiji ɗaya ya isa mace biyu ko uku. A ƙaramin lambu kai da yaro ɗaya za ku gama kafin rana ta yi zafi. Sai an maimaita kowace safiya muddin ana fure.

Don ƙarin bayani a kan iri, ko ma'aunin magani, ko samfurin amya, sai ka ga malamin gona na KNARDA da ke kula da yankinku.